Iƙamar Farfesa Yusufu

Da safen nan labari ya same ni. Farfesa Yusufu Nomau ya rasu.

Ina tsaye wurin mai ful da tamis, waken da burodin da muke karyawa da su, a Sharafiyya nan Jidda, leda a hannu, mai gadin gidan da yake haya ya kira ni. Ya ce Duktur ya yanke jiki ya faɗi a matakala yana shirin fita aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Wallahi har yanzu ban san inda na ajiye ledar nan ba.

Kun san ba na dogon rubutu a nan. Yau sai ku yi haƙuri da ni, akwai abin da ya tokare min ƙirji shekara uku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Usman, mu'aƙƙib ne ni, wato mai bin takardu: biza, iƙama, sabuntawa, duk wahalar layi. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi babana, amma har gobe da iƙama, katin izinin zaman baƙo, nake zaune kamar wanda ya sauka jiya. Ina aiki a wata kwaleji mai zaman kanta. Su suka ɗauko Farfesa daga Najeriya ya koyar da dokar kasuwanci bayan ya yi ritaya.

Ranar da na ɗauko shi a filin jirgi na ga dattijo da kaftani da hula, Hausa a bakinsa tsaf, wadda ta sa na ji kunyar tawa. Sunansa Yusufu. Yatsunsa cikin aljihu suna jan carbi. Da na zo cike fom, a gurbin addini na rubuta Musulunci, ban ko ɗaga kai na tambaye shi ba. A rayuwata ban taɓa ganin Bahaushe a Jidda da ba Musulmi ba.

Ashe Kirista ne, ɗan Katolika, kuma irin na gani-kashe-ni. Carbin ma nasu ne, akwai gicciye a ƙarshensa.

Babansa katikis ne, mai karantar da addini a cocin wani ƙauye a kudancin Katsina. Shi kuma ya fara karatun zama Fada, ya bari ya koma shari'a. Ya yi kusan shekara talatin yana koyarwa a jami'a. Tsofaffin ɗalibansa da na sani sun ce in ka makara minti ɗaya a lakcarsa, to ka ji ta ta taga. Ya yi ta rubuce-rubuce a kan zubar da ciki da sakin aure, aka yi ta zaginsa ana ce masa mutumin da, bai goge ko layi ɗaya ba. Ya taɓa gaya min ya rasa shugabancin tsangaya saboda ya ƙi sa hannu a wata takarda da kowa ya sa wa. Ya faɗa min ne yana ɓare lemo, kamar labarin wani.

Da iƙama ta fito na miƙa masa, ya sa tabarau ya karanta a hankali, don yana jin Larabci kaɗan. Ya ce, "Malam Usman, wannan ba ni ba ne."

Na yi dariya. Na ce, "Ya Duktur, ai gata na yi maka. Da wannan katin ba inda ba za ka shiga ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "A gyara."

Na ce bukra in sha Allah, wato gobe. Bukran nan ita ce ta kai mu yau.

Bari in faɗi dalili, ba don in wanke kaina ba. A mayar da mutum daga Musulmi zuwa Kirista a takarda ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Sai wani ya tsaya ya rubuta cewa shi ya yi kuskuren tun farko, in ba haka ba a ɗauka mutumin ne ya bar addini. Wanin nan ni ne. In mudir, shugaban kwalejin, ya kore ni, kafilin da ya tsaya min ya tafi, iƙamata ta tafi, ta 'ya'yana huɗu ma ta bi. A tura mu Najeriya, ƙasar da sau biyu kacal na taɓa takawa. Tsoro ne ya riƙe min hannu, ba wani abu ba.

Ya san haka. Da ya so, da kalma ɗaya a ofishin mudir ta gama da ni. Ya ce min, "Ba zan kai ƙararka ba, kana da yara. Amma kada ka jira in ce maka ba komai, don akwai komai."

Duk farkon wata sai ya leƙo ofishina ya ce, "Malam Usman, har yanzu Musulmi nake?" In ce eh, ya kaɗa kai ya wuce.

Wata rana na kai shi Ɗa'if taro. Da muka zo inda hanya ta rabu, ta Musulmi ta ratsa Makka, ta waɗanda ba Musulmi ba ta zagaya, na ce, "Yalla Duktur, mu miƙe kawai. Katinka zai wuce, fuskarka za ta wuce, ka ga Harami ko daga nesa." Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya ce, "Wurinku ne mai tsarki, kuma dokarku ce. Ɗauki ta zagaye." Muka ƙara tafiya mai nisa cikin zafi har muka hau dutse.

Mutum ne mai wuyar sha'ani, ba zan ɓoye ba. 'Yarsa ɗaya, Rifkatu. Aurenta na fari ya mutu, ta sake wani, shi kuwa ya ƙi zuwa bikin, wai a wurinsu mijin farko na raye aure na nan. Shekara shida ba ta ɗaga wayarsa. Na ce masa, "Haba Duktur, 'yarka fa. Mu a wurinmu halal ne." Ya ce, "A wurinku." Sai ya juya fuskarsa wajen taga. Hoton jikansa da bai taɓa ɗauka a hannu ba shi ne a fuskar wayarsa. Har yau ina ganin bai kyauta mata ba, kuma na faɗa masa tun yana raye.

Amma shi ne dai wanda duk Ramadan ba ka ganin ko kofin ruwa a teburinsa. Shi ne wanda duk Juma'a da yamma ma'aikatan unguwar Khumra da na tashar jiragen ruwa, 'yan Nijar da 'yan Cadi, ke cika masa falo da takardun aikinsu, ya karanta musu layi-layi, ya gaya wa mai gaskiya gaskiyarsa, mara gaskiya ma ya gaya masa. Da uwata ta kwanta asibiti, sau uku ya zo. Ta riƙa ce masa Alhaji, shi kuma yana cewa, "Hajiya, Yusufu kawai."

A nan ba coci, ba Fada. Ranar Lahadi ranar aiki ce. Yakan rufe ofis minti ashirin kafin lakca ya karanta littafin addu'arsa shi kaɗai. Wannan ya fi komai cin sa a garin nan, ya faɗa min da bakinsa.

Ganinmu na ƙarshe Alhamis ɗin da ta wuce ne, a wurin ajiye motoci. Na lura yana haki. Ya ba ni ambulan, a ciki akwai takardar baftismarsa da wasiƙa da ya rubuta da sunana, ya sa aka juya masa ita zuwa Larabci. Ya tsara ta yadda duk mai karantawa zai gane kuskure ne ba ha'inci ba. Sa hannu kawai ya rage.

Ya ce, "Na yi maka aikin lauya kyauta. Matata na kwance a bayan cocin ƙauyenmu, an bar min wuri kusa da ita. Kada ka bari takarda ta binne ni inda ban ce ba."

Na ce, "Duktur, wa ke maganar mutuwa? Bukra."

Na jefa ambulan ɗin a aljihun mota.

Yau da na isa asibiti na tarar an riga an yi nisa. Kati ya ce Musulmi, don haka takardar binnewa ake shiryawa. Dattawan unguwarmu sun ji Bahaushe ya rasu ba dangi, sun taru da likkafaninsu, Allah Ya saka musu da alheri, har ana shawarar a kai shi Makka a sallace shi da la'asar. Wanda ya ƙi ratsa garin da ransa.

Baba Sale, abokin marigayi babana, ya san gaskiya. Ya ja ni gefe ya ce, "Ya waladi, ɗana, halas, a bar shi haka. Ka yi shiru. Wa ya san abin da ke zuciyarsa a ƙarshe? Ka tuna da yaranka."

Na tuna da su, wallahi na tuna. Daga barandar asibitin na kira Rifkatu, don lambarta ce ya rubuta a bayan ambulan. Da na gaya mata halin da ake ciki, ta ce, "Malam, ku dawo min da babana. Ban gama faɗa da shi ba."

Na sauka wurin mota, na ɗauko wasiƙar, na sa hannu a kan bonet.

An tsayar da komai. Dattawa sun naɗe likkafaninsu sun tafi, wasu ba su kalle ni ba. Farfesa na kwance a ɗakin sanyi, an ce gyaran zai iya cin makonni kafin a ba da izinin fita da shi. Mudir ya karanta wasiƙar sau biyu, ya ce in zo ranar Lahadi da iƙamata. Ban san me zai biyo baya ba, kuma ban gaya wa maiɗakina ba tukuna, ƙila a nan za ta fara gani. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sa hannun bai ɗauke ni daƙiƙa biyar ba, kuma Farfesa bai gani ba.

Kafin wani ya zo min comment da fatawa: na san iyakar abin da addinina ya yarje min in roƙa, da Farfesa na nan shi zai fi kowa hana ni tsallake ta. Don haka ga roƙona. Ya Allah Ka ba Rifkatu haƙuri, Ka sanyaya mata zuciya. Ka sauƙaƙa hanyar gawar nan har ta isa gida. Ka yafe min amanar da na riƙe da wasa, Ka rufa wa 'ya'yana asiri.

'Yan'uwa Musulmi, ku taya ni da amin. Ku kuma Kiristocin da ke bina a nan, musamman ɗalibansa, don Allah ku yi masa irin addu'ar da ya rasa a garin nan, ku kai wa Fada sunansa.

Sunansa Yusufu Nomau. Ɗan Katolika ne. Wannan karon na rubuta daidai.