Ranar da Badaru Mai Tsire Ya Yi Gudu

Katangar da ta raba shagon Haladu tela da gidan Badaru mai tsire a unguwar Hindawiyya ta Jidda katanga ce a suna kawai. In Mairo matar Badaru ta yi atishawa a can, Haladu ne ke yi mata addu'a a nan. Saboda haka da safiyar nan, yana zura zare a allura, ba sai da ya kasa kunne ba.

"Abu Zakiya," in ji Mairo ga mijinta, "ina masub ɗin nan, kwaɓin ayaba da burodi, da na ajiye wa Innata a firji?"

"Wane masub?"

"Wanda ayabarsa ke manne a gemunka."

"Kyanwa ce."

"Kyanwa ta buɗe firji, ta ƙara zuma, ta wanke cokali ta mayar? Haram alek, ya sheikh! Me likita ta ce?"

"Likita ta ce a rage abinci. To ga shi na rage."

Haladu ya ƙunshe dariya har allura ta soke shi. Ya san Badaru fiye da yadda Mairo ta san shi, don shi ke auna shi. Mace tana jin abin da miji ya faɗa ne, shi kuwa tela tef yake zagaya wa mutum, tef kuma ba ya kara.

Badaru ya sauka Jidda a Hajjin 1978 daga wani ƙauye gabas da Gumel, siriri kamar sillen kara, yunwar shekarun fari ba ta gama sakinsa ba. Aka gama aikin Hajji, jirgi ya tashi, Badaru bai tashi ba. Ya shiga dako a kasuwar Bab Makka, yana sungumar dilolin yadi, kunnensa ɗaya a wajen mai kaya, ɗayan a bakin titi, don duk wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, a garin nan ya san ƙarar motar jawazat, jami'an shige da fice, kamar yadda ya san muryar uwarsa. Sau da yawa ya laɓe a bayan dila yana kallon waɗanda ake turawa cikin mota. A nan ya yi karatun da ya riƙe har tsufa: duk waɗanda ake kamawa ramammu ne. Ramamme yana kama da mai neman abu. Mai ƙiba kuwa, wanda ke takawa a hankali cikin farar jallabiya, kamar mai gari yake, wa zai tare shi ya ce kawo takarda?

Daga ranar Badaru ya fara cin abinci kamar mai cika alkawari. Wake da burodin tamis da safe, shinkafa bukhari da rana, mutabbak mai cike da nama da ƙwai da la'asar don kada ciki ya yi tsammanin an manta da shi. Da ya kafa teburin tsirensa a bakin lungu, sai kitse ya zama abin ɗanɗano, ɗanɗanon kuma ba ya ƙarewa. Tumbi ya fito, ya zauna, ya yi gaba. Daga baya ya samu kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya masa, aka yi masa iƙama, ya auri Mairo, haifaffiyar Jidda wadda kakanninta suka zo da ƙafa ta Sudan. Takardar tana aljihunsa, amma bai taɓa yarda ita ke tsaronsa ba. Takarda tana ƙarewa, in ji shi, tumbi kuwa ba a sabunta shi a ofis.

Zakiya ta zo a makare, ita kaɗai Allah ya ba su. Tun ba ta yi haƙori ba uban ke ɗiga mata romo a baki. Duk yammar duniya yana shigowa da leda: soyayyar kaza, lemon kwalba, kek ɗin basbusa. Mutanen lungu suna cewa ƙauna ce. Haladu ya yarda ƙauna ce, amma ya lura da yadda Badaru ke kallon kumatun yarinyar, irin kallon da mutum ke yi wa ƙofar da ya kulle da kwaɗo biyu. Ba 'yarsa kawai yake ciyarwa ba. Wani saurayi ne ramamme da ke laɓe a bayan dila yake ta ɗura wa abinci, shi kuwa ba ya ƙoshi.

Tana shekara goma sha ɗaya wuyanta ya yi baƙi ta baya. Mairo ta dirje shi da soso, ta dirje da lemon tsami, har yarinya ta yi kuka. Da suka je ƙaramin asibitin unguwa, likitar, wata 'yar Sudan mai gilashi, ta ce wannan ba dauɗa ba ce, ciwon suga ne ke ƙwanƙwasa ƙofa. In ba a canza ba, yarinyar nan za ta girma tana yi wa kanta allura. Ta sa su a wani shiri da take yi duk Alhamis, na iyaye maza da 'ya'yansu. Ba ta karɓar uwa ita kaɗai. Ta ce iyaye mata sun daɗe da sanin gaskiya, ubanni ne ke shigowa da leda. Dokokinta ba su da yawa: uba da 'ya su ci a faranti ɗaya, rabinsa ganye, ruwa ya maye gurbin lemo, sannan su fita su motsa jiki tare.

Badaru ya amsa da "hadir, ya duktora", wato an gama, likita, har da dafa ƙirji. A gida ya zauna gaban kokwamba da latas yana taunawa kamar raƙumin da aka yi wa rasuwa. Da Mairo ta juya baya, sai ya zagayo shagon Haladu.

"Tela, sako labule."

A bayan labulen da masu ɗinki ke gwada kaya, nan Badaru ya buɗe sabon ɗakin cin abinci. Amma cin ɓoye ba ya rage tumbi, Mairo kuma tana da ido. Sai wata rana ya zo da jallabiyoyinsa duka a hammata.

"Ka buɗe su. Ka ƙara yadi ta gefe, yadda ba za a ga ɗinkin ba."

"Ai buɗewar da na yi musu bara ba ta tsufa ba."

"Waccan don su shige ni ne. Wannan don su yi mini yawa."

Haladu ya gane, ya kuma ɗinka. Ya gaya wa kansa zumunci ne, da kuma tsiren da ke zuwa masa a nannaɗe kowace yamma. Akwai dalili na uku da bai cika son dubawa ba. Shi Haladu har yau ba shi da takarda, ga shi kamar tsinken sakace. Shekara da shekaru a inuwar Badaru yake zuwa masallaci, yana tafe a gefensa ta ɓangaren bango, yadda mai wucewa a mota ba zai ga komai ba sai farin yadi. In Badaru ya rame, Haladu ya rasa rumfa.

Dabara ta ci. Badaru ya riƙa yawo jallabiya tana lilo a jikinsa, mutane suna cewa, "Masha Allah, Abu Zakiya, ka zube!" Shi kuma yana sunkuyar da kai irin na mai haƙuri da jarrabawa. A asibiti sikeli ya ƙi ba da haɗin kai, amma Badaru ya ce wa likita sikelin na awon buhu ne, ta dubi riga. Likita ta dube shi ta saman gilashi. Mairo ma ta dube shi, kallon wadda ke tara magana.

Wata ranar Talata Badaru yana bayan labule, ya kai loma ta uku ta mutabbak, sai ga sallama da 'yar murya. Zakiya ce, ta hau matakala biyu na shagon tana haki. Ta ajiye rigar makarantarta a kan keken ɗinki, ta ɗora wani ƙunshin takarda mai maiƙo a kai.

"Ammi Haladu, ka yi mini zay Baba, irin na Baba."

"In yi miki me, 'yar Baba?"

"Ka buɗe ta, ta yi mini kabira, ta yi mini yawa. Ga tsire, na ɗauko a teburinsa." Ta rage murya. "Duktora ta ce in ban ragu ba, allura kullum. Ana khaifa, wallahi, ina tsoro. In Mama ta ga rigar ta yi yawa, halas, za ta ce na warke. Baba ma haka ya warke."

Haladu ya kalli labule. Labulen ya daina motsi. Ya ce mata ta bar rigar zai duba, ta yi godiya ta sauka, tana dafa bango.

Da Badaru ya fito, rabin mutabbak na hannunsa. Ya ajiye shi a kan tebur. Tunda Haladu yake, bai taɓa ganin mutumin nan ya ajiye abinci da rai a jikinsa ba.

"Kada ka taɓa rigar nan," in ji Badaru.

"To."

"Kana da takalmin kambas?"

Bayan la'asar lungun Hindawiyya ya cika kamar kullum. Rabi'a mai waina ta kafa tandarta, masu goro sun baza faranti, leburorin da suka dawo daga rumbunan kaya na unguwar Khumra suna shan shayi a kan benci. Likita tafiya ta ce a yi, amma Badaru mutum ne da in ya tuba yakan zarce. Ya fito cikin kambas ɗin Haladu da ya tsaga ta baya don ƙafa ta shiga, ya kama hannun Zakiya, ya ce "Yalla!" Sai ya zuba da gudu.

Abin da bai lissafa ba shi ne, a lungun nan ba a gudu don lafiya. Dalilin gudu ɗaya ne. Kuma wanda ke gudun ba wani yaro ba ne, Badaru ne, mutumin da ko gobara aka yi sai ya gama juya tsire, mutumin da ke da iƙama da kafili da tumbi. In har shi ya ga abin da ya sa shi gudu da 'yarsa a hannu, to wannan kamen ba a taɓa yin irinsa ba.

"Jawazat!" in ji wani mai shayi, ya watsar da kofi.

Lungu ya tarwatse. Rabi'a ta bar waina a wuta. Wani ya haura katanga ya faɗa cikin awakin mutane. Wani tsoho da aka haifa a Jidda, takardunsa sun fi na kowa kyau, shi ma ya tattare zani ya bi sahu, don ba ya son a bar shi shi kaɗai. Haladu da kansa, wanda ya ba da aron takalmin, wanda ya san komai, da ya ji kalmar nan ƙafafunsa ba su tsaya shawara da shi ba. Ya tsinci kansa a tsakiyar taro, tef yana kaɗawa a wuyansa.

Badaru ya ji ihu, ya waiga, ya ga rabin unguwa a bayansa. Nan take ya manta da likita, ya manta da takardar da ke aljihunsa. Ya ƙara mai, jallabiya ta cika da iska kamar tantin Mina. Su suna gudu don yana gudu, shi yana gudu don suna gudu.

A kwanar lungu na biyu Zakiya ta zame daga hannunsa ta durƙusa. Numfashinta yana fita da ƙara, ta kasa ko kuka. Haladu yana kusa, ya ga abin da ya faru a fuskar Badaru. Titi yana gabansa a buɗe, a ransa kuma mota tana bayansa. Ya tsaya. Ya juya ya tare hanya da jikinsa, 'yarsa a bayansa, mutane suna ratsa shi hagu da dama kamar ruwa ya samu dutse. Shekaru ya yi yana cika yarinyar nan da abinci don kada wani abu ya same ta, ga shi ranar da aka ce a gudu, lungu biyu ta kasa.

Ba wanda ya zo. A bakin babban titi jama'a suka tsaya suna haki, suna tambayar juna wa ya ga motar. Kowa ya nuna na gabansa, na gaba ya nuna na gaba, har yatsa ya dawo kan Badaru, wanda ke zaune a dakalin wani shago yana yi wa Zakiya fifita da hularsa.

Bayan magariba aka yi masa ayari. Malam Othman, dattijon lungun, shi ne a gaba, Rabi'a na biye da takalmi ƙafa ɗaya, Haladu a can baya yana duban ƙasa. Ta cikin gida ana jin Mairo tana dariyar da ta kasa tsayawa tun la'asar. Badaru ya buɗe ƙofa, ya cika ta daga gefe zuwa gefe, da guntun kokwamba a hannu. Zakiya ta leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa, ita ma da nata.

"Abu Zakiya," in ji Malam Othman, "mu dai ba mu hana ka neman lafiya ba. Amma akwai masu hawan jini a lungun nan. Akwai wanda har yanzu yana cikin tankin ruwa, an ce masa ya fito ya ce sai ya ga fuskarka. Ka yi wa Allah ka bar gudun nan."

Badaru ya ciji kokwamba, ya yamutsa fuska, ya haɗiye da ƙyar. Ya dafa kan 'yarsa.

"Ku yi haƙuri, Malam. Gobe ma za mu fito, jibi ma haka, har sai wuyan yarinyar nan ya washe. Amma ga alama, ku gaya wa na tanki. In kun ga Zakiya a gaba ina binta ina nishi, ku sha shayinku, likita ce ta koro mu. In kuwa kun ga na saɓa ta a kafaɗa, to kowa ya kama gabansa."