Inda Zoben Ya Kamata Ya Zauna

Kusa da shagona na atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar akwai wani maƙerin azurfa, tsarana, wanda kakanninsa suka zo daga Agadas. Abin alfaharinsa ɗaya ne: tunda ya fara ƙira ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Wata rana wata maƙwabciyarmu Kirista, malamar asibiti, ta zo masa da buƙata. 'Yarta za ta yi aure, tana son a ƙera mata abin wuya irin gicciyen da ta gani a wuyan wata 'yar ƙasar Ailan da suka yi aiki tare. Da Sango, yaren garin nan, ta kwatanta masa: gicciye ne mai zobe. Ya ce ya gane, ai aikin gidansu ne. Ya ƙera da kyau, ya ɗora zoben can a sama kamar na gicciyen Agadas.

Kafin ta zo karɓa ya nuna mini, don in yaba. Na yi dariya har tari ya kama ni. Na taɓa zuwa Ailan, na ga irinsa na dutse a maƙabartunsu, wasu sun fi mutum tsawo. Na zana masa a bayan kwali: zoben yana kewaye mahaɗar ne, inda sandunan biyu suka haɗu. Na gaya masa a can wasu sun ce mini rana ce, wasu suka ce alamar abin da ba ya ƙarewa, wani magini kuma ya ce don kada hannuwan dutsen su karye ne kawai.

"Alhaji, kai da ka je sayen yadi, me ya kai ka maƙabarta?" in ji shi.

Amma da na zana igiyoyin da suke sarƙewa a jikin gicciyen, ba farko ba ƙarshe, sai ya matso. "Wannan ai dagi ne. Su ma suna da shi?"

Kwana biyu ya rage biki. Ya sake murza kakin zuma ya fitar da siffar, ya zuba sabuwar azurfa, ya hana ni komawa shago sai na duba kowane layi. Matar ta zo, ta jujjuya shi a tafin hannunta, ta ce haka yake daidai.

Na farkon yana cikin aljihun teburina. Shi kuwa har yau yana cewa ba a taɓa dawo masa da aiki ba, ni kuma ba na musa masa a gaban mutane.