Ranar da Inna Ta Ƙi Ƙirga Ni

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da aka zo ƙirga mutanen ƙauyenmu. Har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin.

Ƙauyen namu ɗan ƙarami ne a ƙasar Kiru, dutse a bayansa, rafi a gabansa. Gidajen ma a warwatse suke: maƙera a gindin dutse, masu noman rake a bakin fadama, rugagen Fulani can gefen burtali. Da rani ko akuya tsallake rafin nan take yi, amma in ya kawo da damina sai dai ka tsaya kana hango hanyar Yako. A tsallake kuma akwai wani ƙauye, kusan girmanmu ɗaya.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka ce za a gina asibitin sha-ka-tafi guda ɗaya, wanda ya fi jama'a tsakaninmu da na tsallake shi zai samu. Ina koyarwa a firamare lokacin, sai mai gari ya ce in zaga da ma'aikatan da aka turo. Na tafi da murnata, don na san ko da kaɗan ne mun fi su yawa.

A zauren farko aka tambayi wani dattijo 'ya'yansa, ya ce huɗu.

Na ce, "Baba, ai biyar ne. Ina tela?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kai malam, ba ka jin nauyi?"

Sai a nan na farga. Na manta cewa mutanenmu ba sa kama sunan ɗan fari, balle su ƙirga shi a gaban baƙi. Na juya ga babban ma'aikacin, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, bakin mai gida muke bi. In muka bi na ɗan rakiya, kowane gari sai ya zama birni."

Haka muka wuni, gida bayan gida ana zubar da mutum guda, kuma gandama-gandaman samari, ga su nan tsaye suna kallo. A ruga kuwa ardo murmushi kawai ya yi, ya haɗa ɗan fari har da na biyu ya haɗiye. Na yi roƙo, na yi faɗa, har muryata ta dushe. Wallahi na so in zauna a kan turmi in yi kuka.

Da muka iso gidanmu na ce to, nan dai zan huta. Mahaifina ya rasu, don haka Inna ce ta fito zaure. Mu uku ta haifa, ni ne babba.

"Iya, 'ya'yanki nawa?"

Ta ja mayafi ta kawar da kai ta ce, "Biyu."

Ina tsaye! Da gemuna!

Asibiti dai tsallake ya tafi, da ɗan bambanci kaɗan aka ce. Su a can limaminsu ya riga ya yi musu bayani tun a masallaci cewa kowa ya ƙirga har ɗan fari, mu kuwa muna nan muna kunya.

Damina na zagayowa zazzaɓi ya kwantar da Inna, rafi kuma ya cika taf. Babu jirgi, babu gada. Na goye ta na shiga, ruwa har ƙirji, ƙafata na zamewa a laka. A tsakiya ta riƙe wuyana ta ce, "Kai wannan, bi a hankali."

Na ce, "Inna, wane wannan? Ai biyu gare ki."

Duk da ciwon sai da ta dungure mini ƙeya ta ce, "Marar kunya."

Ta warke, alhamdulillahi, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Ban ce a daina kunya ba, ado ce. Amma na koyi cewa akwai ranar da ake cire ado a rataye, domin wanda ka ƙi ƙirgawa da rani, shi zai goye ka a ruwa da damina.