Lambar da ke Bakin Gilashin Kyamarar Marigayi

Wata rana wani mai ɗaukar hoto a Funtua, Nafi'u, ya zauna yana goge kyamarar mahaifinsa, sai idonsa ya faɗa kan abin da ya kusa raba shi da baffansa har abada.

Bari in fara gaya muku ko waye Nafi'u.

Mutum ne da ya haura hamsin, kuma a harkar tsofaffin gilasan kyamara ba a ja da shi. Gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, mai kama da bakin kofi, shi ne abin da ya fi ƙauna bayan iyalinsa. Matarsa ma cewa take ba ta da tabbas ko su ne a gaba.

Kowane gilashi akwai lambar da kamfani ya buga a bakinsa. A wurina da ku, lamba ce kawai.

A wurin Nafi'u kuwa, takardar haihuwa ce.

Ka karanta masa ita ta waya, kafin ka rufe baki ya gaya maka cikin zubin farko da kamfanin ya ƙera yake ko na biyu, da shekarun da aka ƙera shi, da inda lambobin wannan zubi suka tsaya na gaba ya ɗora. Har daga ƙasashen waje ake turo masa hoton gilashi a tambaye shi. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma ya san da haka. Wannan sanin ne matsalarsa.

Mahaifinsa, Malam Shu'aibu mai hoto, ya rasu tun Nafi'u bai shiga makaranta ba. Ƙanen marigayin, Baffa Ilu, shi ya ci gaba da buɗe shagon. Duk garin yabonsa ake yi, ana cewa ga mutumin da ya riƙe marayun yayansa bai bari sun tagayyara ba.

Ranar auren Nafi'u, Baffa Ilu ya miƙa masa wata jaka ta fata ya ce, ga kyamarar mahaifinka.

Tun daga ranar take cikin durowa kamar kayan gado na sarauta. A bakin gilashinta akwai wani zoben ƙarfe mai kare rana da ya ci tsatsa ya manne, ya rufe lambar. Mutumin da ke kwance gilasan mutane ya mayar, bai taɓa iya sa wa wannan ƙarfi ba. Tsoro yake kar ya fasa. Kuma irin wannan gilashin, zubin farko da na biyu a ido kamar tagwaye suke, lamba ce kaɗai ke raba su.

To, sai auren 'yarsa Shafa'atu ya matso.

Nafi'u ya ci alwashin da kyamarar kakanta zai ɗauke ta hoton amarci. Ya ɗiga wa zoben mai, ya yi ta lallaɓa shi, har ya saki.

Lamba ta bayyana.

Ya karanta. Ya goge tabarau ya sake karantawa.

Zubi na biyu ne. Kuma shi ya fi kowa sanin cewa ba a fara ƙera zubi na biyu ba sai bayan an binne mahaifinsa da shekaru.

Ke nan hannun Malam Shu'aibu bai taɓa taɓa wannan gilashi ba.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Abin da ya yi shekaru yana nuna wa 'ya'yansa yana cewa ta nan kakanku yake kallon duniya, ashe ba shi ba ne. Kuma wa ya riƙe kyamarar bayan rasuwar? Mutum ɗaya ne. Nan take Nafi'u ya yi shari'a ya yanke hukunci shi kaɗai a cikin shago: Baffa ya cire na asalin, ko ya sayar ko ya ɓoye wa nasa 'ya'yan, ya ɗaura wani ya miƙa wa maraya.

Ga shi kuwa an riga an sanar da dangi cewa Baffa Ilu ne waliyyin Shafa'atu, shi zai ba da aurenta.

Nafi'u ya same shi a zaure yana sauraron rediyo. Ya gaishe shi sama-sama, ya ajiye kyamarar a kan tabarma, ya zayyana masa komai, zubi da lamba da shekara, kamar mai ba ɗalibi karatu.

Tsohon ya rage muryar rediyo. Ya daɗe yana kallon kyamarar.

Ya ce, "Haka lambar ta nuna?"

"Haka ta nuna, Baffa."

"To. Ba ka yi kuskure ba."

Ya mayar da muryar rediyonsa.

Jama'a, in kai ne me za ka ɗauka? Nafi'u ya ɗauka an amsa laifi. Ya fito yana huci, ya rantse a ransa cewa wanda ya ci amanar maraya ba zai zauna a gaban liman ya ba da auren 'yarsa ba. Ya san abin da hakan ke nufi. A cire baffa daga walicci ana saura kwanaki, ai tsinka zumunci ne a bainar jama'a, ba mai iya ɗinke shi.

Sai dai irin wannan magana ba a zartar da ita sai uwa ta ji.

Ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Dije, a tsakar gida tana tsince wake. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, kuma ba ta cika doguwar hira da shi ba. Ta bar shi ya yi ta zuba har ya kai ƙarshe.

Sannan ta karkaɗe hannu ta ce, "Miƙo min ita."

Ya miƙa yana cewa ta yi a hankali.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta rataya igiyar a wuya, ta tallafi gilashin da hannun hagu, ta murza zoben da yatsu biyu, ta ja marfin baya ya buɗe, ta hura, ta rufe. Duk wannan idonta na kan kajin da ke neman afka wa waken.

Nafi'u ya yi tsuru-tsuru. Wannan ba riƙon wanda ya taɓa ganin kyamara kawai ba ne. Riƙon wanda ya ci abinci da ita ne.

Ta ce, "Ni na sayo shi. A Kano."

"Ke, Inna?"

"Na farkon a hannuna ya fashe. Gidan suna na je, ragon ya tsinke igiya ya bangaje ni."

"Inna, me ya kai kyamara hannunki a gidan suna?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi.

"Kai wannan, da me kake tsammanin kun ci tuwo?"

Daga nan ta ba shi labarin da bai taɓa tambaya ba.

Da ta fita takaba, dangi suka zauna za su raba yaran. Wannan a kai shi Kaduna, wannan ƙauye, ƙaramar ta bi uwa. Ilu a lokacin saurayi ne, wankin hoto kawai ya iya, abin da shago ke kawowa bai isa cefane ba.

Ita kuwa marigayin ya koya mata ɗaukar hoto a tsakar gida, da wasa da wasa. Kuma ta san abin da duk masu hoton garin suka sani amma ba yadda za su yi da shi: matan kulle suna son hoto ranar suna da ranar biki, namiji kuma ba ya wuce zaure.

Sai ta riƙa sa kyamarar a kwando, ta rufe da zane, ta yafa mayafi, ta fita kamar mai zuwa barka. Ta ɗauki mai jego da jaririnta, ta ɗauki amarya a bakin gado. Ilu ya wanke, ya buga hatimin shago a baya.

Da gilashin ya fashe, kwanukan jerenta ta kwashe ta sayar, ta shiga mota ita kaɗai ta je ta nemo irinsa.

"Da yayyena sun ji ina yawo gida-gida da kyamara, da sun zo sun ɗauke ni, ku kuma a watsa ku. Shi ya sa na sa Ilu ya rantse ba zai faɗa ba muddin ina raye. Ka je ka tsare shi da lamba, me kake so ya ce maka? Ya karya rantsuwa don ya wanke kansa?"

Kunya ta rufe Nafi'u, irin wadda mutum ke jin ina ma ƙasa ta tsage.

Sai ya tuna tsofaffin hotunan amare masu hatimin shagon mahaifinsa da ya jera a bangon shagonsa, waɗanda yake nuna wa masu koyo yana cewa ku dubi yadda mahaifina ke sarrafa hasken taga. Mutumin da ke gane shekarun gilashi daga lamba, bai taɓa tambayar kansa ta yaya namiji ya shiga har uwar ɗakin amarya ba.

Inna Dije ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta ce, "Tashi ka je. Kar rana ta faɗi ba ka je ba."

Ya koma zauren. Tun daga bakin ƙofa ya cire takalmi da hula, ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai.

Baffa Ilu ya dube shi ya ce, "Ta faɗa maka?"

"Ta faɗa, Baffa. Ka yafe min. Har na yi niyyar hana ka walicci."

Tsohon ya yi dariya, sai ga hawaye. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Nafi'u, zarginka na yini ɗaya bai dame ni ba. Abin da ya dame ni yabo ne. Tun kana ƙarami ake tare ni a masallaci ana sa min albarka, wai na riƙe marayu, ni kuwa na san ko ni ita ta riƙe. Ranar ɗaurin aure zan ba da Shafa'atu. Amma in an shafa fatiha, ka roƙar min izini wurin yaya Dije, ina so in miƙe in faɗi gaskiya kafin in mutu."

Ta ba da izinin. Ya kuma miƙe ya faɗa, a gaban dattawan da suka yi shekaru suna yabonsa.

Darasi: Iliminka zai iya zama daidai, hukuncinka ya zama zalunci. Hujja tana gaya maka abin da ya faru, ba lallai ta gaya maka wa ya yi ba, ko don me. Kafin ka yanke zumunci saboda abin da ka gano, ka nemi wanda yake wurin lokacin da kai ba ka da wayo. Kuma in mahaifiyarka na raye, ka je ka zauna ka tambaye ta yadda aka yi kuka girma. Na rantse akwai abin da ba ka sani ba.

In labarin nan ya tuna maka da wata uwa ko wani baffa, ka tura wa 'yan'uwanka. Wataƙila akwai wanda ke shirin yin abin da Nafi'u ya kusa yi.