Vendel da Bokitin Masara

A ƙauyukan yankin Somogy, can ƙasar Turawa, in ka ce Csordás Vendel, sai a tambaye ka, "Mai katantanwa?" Shi ɗin dai. Ubansa mai gadin daji ne, kuma abin da ya bar masa gado bai wuce wata ƙatuwar katantanwar teku da aka fasa wa tsini ba. In watan Satumba ya kama, bijiman barewar can masu ƙaho mai rassa suka shiga rurin barbara, sai Vendel ya kafa baki a katantanwar nan ya yi rurin abokin hamayya. Wallahi bijimi yakan baro matansa ya taho a fusace yana karya rassa, har ya tsaya a gaban bindiga. Shekara arba'in yana wannan aiki, kuma bai taɓa yarda a harbi wanda bai tsufa ba.

Sai aka sayar da dajin. Wani mai hannu da shuni da ba a taɓa ganin fuskarsa ba ya zagaye shi da shingen waya, ya ɗora manaja, wani Zsombor, mai sabon takalmi da wayar hannu biyu. Aka bar Vendel a gidan gadi shi da matarsa Piroska, don baƙi masu zuwa farauta suna son ganin tsoho mai gashin baki da koren hula.

Cikin shingen akwai wani bijimi mai baƙin wuya da Vendel ya sa wa suna Kormos. Duk ƙarshen hunturu irin waɗannan bijiman sukan zubar da ƙahonninsu su fito da sababbi, Vendel kuwa yakan bi sawu ya tsinto na Kormos. Jeri goma sha ɗaya ya rataya a bangon falo. Piroska takan ce, "Tsoho, hotonmu na aure ma bai samu ƙusa ba, amma ƙahon ɗanka ya cinye bango."

Kuskuren kuwa nasa ne, babu wanda zai ɗora wa. Wata shekara dusar ƙanƙara ta yi yawa, shinge ya hana dabbobin gangarawa kwari kamar yadda suka saba, suka fara mutuwa a jikin waya. Tausayi ya kama Vendel. Kullum da safe sai ya ɗauki bokitin masara, ya ƙwanƙwasa shi sau uku da cokali, ya zuba, ya koma gefe. Kormos ya rayu. Hunturu ya wuce, amma Zsombor ya ga yadda ƙaho ke kauri da masara, ya ce a ci gaba. Sabo turken wawa, in ji masu magana.

Bana Kormos ya cika shekara goma sha uku, ya isa harbi, wannan ko Vendel bai musa ba. Wani likitan haƙori daga Ostiriya ya zo takanas domin ya harbi Kormos, kwana uku gare shi. Abu ɗaya Vendel ya roƙi Zsombor.

"Yallaɓai, a bar ni in kira shi. Ya zo da fushinsa, ya mutu yana bijimi."

Zsombor ya yi dariya. "Kawu Vendel, kai da wannan kwanon miyar taka! To, na ba ka safiya biyu. Ta uku kuwa bokiti za ka ɗauka, don ni ba zan mayar da baƙo hannu rabbana ba."

"Bokiti ai yanka ne, ba farauta ba."

"Kowa ya ci ladan kuturu, Kawu, ka san sauran."

Safiyar farko suka hau rumfar dako a bakin fili, hazo bai gama tashi ba. Vendel ya yi rurin matashin bijimi mai neman tsokana, irin wanda babu tsohon da ke jurewa. Daji ya amsa daga ko'ina, har likitan ya dafe ƙirji. Can sai ga Kormos a bakin itatuwa, nesa da inda harsashi zai kai. Ya ɗaga kai, ya saurara, ya juya ya kwanta. Kai, da ƙasa za ta tsage da Vendel ya shige.

Safiya ta biyu ya fito da duk abin da ubansa ya koya masa: rurin gajiya, tarin kora, har karya busassun rassa ya yi kamar ana artabu. Maƙogwaronsa ya dushe, ya tofar da yawu da ɗan jini-jini. Kormos ko leƙowa bai yi ba. Me zai kai shi faɗa? Mata an kawo masa har cikin shinge, abinci yana zuwa da ƙafarsa.

Da rana Piroska ta ajiye masa miyar wake da tsiran alade, bai taɓa ba.

"Ka ce ba ka da lafiya mana," ta ce. "Su ƙwanƙwasa bokitin da kansu."

"Sun sha gwadawa. Buguna kaɗai yake zuwa wa."

"To ka ƙi."

"In na ƙi, za su kora shi da mota zuwa kwanar shinge su harbe shi yana haki. Kin fi son wannan?"

Ta ɗauke kwanon.

Safiya ta uku Zsombor ya hau rumfa da baƙon, ya gaya masa gwani zai zagaya ya yi kira daga ƙasa. Vendel ya shiga bayan wani kurmi inda ba a hango shi. Ya yi ruri ɗaya mai tsawo don kunnen baƙo, sannan ya ajiye katantanwa, ya zuba masara cikin ciyawa, ya ƙwanƙwasa bokiti a hankali sau uku. Kormos ya taho da sassarfa kamar akuyar gida, ya sunkuyar da wannan kai mai rassa ashirin ya hau ci. Harbi ɗaya aka yi.

Al'adar mafarauta ce, in dabba ta faɗi a kwantar da ita ta ɓangaren dama, a cire hula, mai gadi ya karyo ɗanyen reshe ya sa mata a baki. Lomar ƙarshe ake ce masa, guzuri ne da neman gafara. Vendel ya karyo reshen, ya durƙusa, ya buɗe bakin Kormos. Babu wurin sa komai. Bakin cike yake da masara, ko taunawa bai gama ba.

Likitan yana tsaye hawaye na zubo masa, yana faɗin wani abu da Jamusanci. Zsombor ya ce, "Kawu, wai bai taɓa jin kira irin naka ba. Matsa kusa a ɗauki hoto."

Vendel ya juya musu baya. Ya sa yatsa ya kwashe masarar nan tas, da ɗuminta da yawunta, ya cusa a aljihu, sannan ya sa reshen. Ya miƙe ya tsaya inda aka nuna masa.

Har yanzu yana gidan gadi. Katantanwar tana kan taga, Piroska tana tara maɓallai a ciki. In baƙi suka zo yakan zazzage su ya fita ya yi musu ruri, su tafa. Kullum da safe kuwa yana ɗaukar bokiti, kuma bana akwai matasan bijimai tara da suka san bugunsa. Kafin ya kai bugu na uku sun iso.