Dutsen da Ya Hana Kaka Tafiya

Ina ƙarama, Kaka, mahaifiyar babanmu, ta zo daga Agadas ta zauna da mu a unguwar Mount Hope, a birnin New York. Ba ta taɓa son New York ba. Takan ce garin da tururi ke fita ta ƙasan titinsa ba abin yarda ba ne. Bayan magariba takan kunna murhun gas ta ɗora shayi, ni da ƙanena Iliya mu zauna a tabarmar kicin tana mana tatsuniya.

Ranar da za ta koma gida, ta ɗaure kayanta tun safe. Sai Baba ya dawo daga filin jirgin sama na JFK, inda yake jiran fasinja da tasi, ya ce, "Inna, babu tafiya. Wani dutse ya yi aman wuta a Iceland, tokarsa ta rufe hanyar Faris, inda jirginki zai bi."

Kaka ta daɗe tana kallonsa. "Dutse? A wata ƙasa? Shi ya hana jirgina tashi a nan?"

Ya kunna mata talabijin, ga hayaƙi ya tokare sama. Ta ce ai kullum a cikin akwatin nan ake kashe mutane su tashi.

A yammacin ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan tafe. Wai a ƙarƙashin baƙaƙen duwatsun Ayar na ƙasar Agadas akwai wani aljani maƙeri. Ya sauki wata tsohuwa da ta ɓata hanya, ya ba ta nono da dabino. Amma duk ranar da ta ce za ta tafi, sai ya sauka maƙerarsa ya danna zugazugi. Dutsen ya yi ruri, toka ta rufe hanya, ya fito yana cewa, "Kash, yau hanya ba kyau." Har sai da tsohuwar ta lura da toka a faratansa.

"To, ya aka yi?" na tambaya.

Kaka ta juya ga Baba da ke tsaye bakin ƙofa. "Mamman, miƙo hannunka in gani."

Ya miƙa yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta juya hannun, ta duba, ta saki. Har aka buɗe hanya ba ta kwance kayanta ba, kuma jakar fasfonta ba ta bar ƙugunta ba. Ta tafi, ba ta sake dawowa ba. A Agadas aka binne ta.

Na daɗe ina ganin ta zalunci Baba, tunda na karanta labarin dutsen a makaranta. Bayan na girma na faɗa masa haka. Ya ce, "Dutsen gaskiya ne. Amma kullum na fita aiki, addu'ata ita ce kada tokar ta washe."

Sai a ranar na fahimci Kaka. Ba ta san Iceland ba, amma ta san ɗan da ta haifa.