Esenkul da Adakar Surukarsa

Abokina Esenkul ya rasu ne saboda an ƙi yarda a ajiye adaka kusa da takalma. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ce muku birki ne ya tsinke, ko gyangyaɗi ne ya ɗauke shi, kamar yadda ake ta yaɗawa a kasuwar Kara-Balta. A gabana aka yi lodin. Ni ne Sagimbek, mai rumfar da ke jikin ta Esenkul a bakin titin tudun Susamir, kuma tun muna zuwa makaranta da hanci yana yoyo nake tare da shi.

Maraya ne. A gidan kawunsa ya tashi, gidan da ake kiran sunansa kawai idan akwai aike. Nan ya koyi abin da ya cuce shi har ƙarshe, wato sunkuyar da kai idan babba yana magana. Walda kuma a garejin gonar gwamnati ya koya, kafin a wargaza gonar kowa ya ja abin da hannunsa ya kai. Wasu sun ja tarakta, wasu sun ja shanu. Esen ya tsaya yana jiran a ba shi izini, sai ya tashi da ragowar ƙarafa da tayoyi biyu.

Da waɗannan ƙarafan ya ƙera taragonsa. Ɗan ɗaki ne mai taya biyu, da taga ɗaya, da ƙofa a gaba wajen wuya, wato ƙarfen da ake maƙala wa mota, ya shafe shi da shuɗin fenti. Duk shekara idan ƙanƙara ta narke sai ya maƙala shi a bayan tsohuwar jif ɗinsa, mu hau tudu da goɗiyoyinmu, mu zauna can muna sayar wa direbobi madarar goɗiya mai tsami da ƙwallayen busasshen cuku har sanyi ya koro mu.

Kowa a tudun ya san yadda Esen yake haɗa tarago da mota, don abin kallo ne a wurinmu. Sai ya gama lodi, ya zo ya kama wuyan taragon da hannu biyu ya ɗaga. Idan ya ji nauyi kamar ya ɗauki rago, to ya yi. Idan wuyan ya taso da sauƙi, sai ya koma ciki ya jawo kaya gaba. Daga nan ya ɗora bakin a kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan motar, ya danna, ya zura ƙusa, ya ɗaure ƙusar da waya. Sarƙoƙi biyu yake sawa, ya gitta su ta ƙarƙashin wuyan. Ko mun tashi, ba ma nisa zai tsaya ya fito ya sake taɓa komai.

"Esen, saura ka yi mata kitso!" in ji direbobi. "Ko ka tofa mata addu'a ne?"

Sai ya yi murmushin nan nasa, ya goge hannu a wando. Ni kaɗai yake yi wa bayani. Ya ce da ni, "Sagim, tarago idan gindinsa ya fi kansa nauyi, a gangara shi ne direba. Kai fasinja ne kawai." Ban taɓa jin ya faɗa wa wani babba haka ba.

Ya auri Burul, kuma wannan ne babban sa'ar da ya yi a duniya. Tana son sa, ta haifa masa 'ya guda, Nurzat. Amma Burul ta zo da yayanta, Kanibek, mai dawakai da babbar mota da tumbi. Mutum ne da bai taɓa ɗaura ko guga a bayan mota ba, amma ba abin da bai sani ba a duniya. Esen ne ya yi masa ƙofar gida, ya yi masa shingen dawakai, ya gyara masa motar ba sau ɗaya ba, duk a kan "Allah ya yi albarka, yaro." Yaro! Mutumin da furfura ta fito masa. Kanibek zai zauna a ƙuryar ɗakin Esen, wurin manya, ya miƙe ƙafa, Esen kuwa yana bakin ƙofa yana zuba masa shayi. Na sha ce masa, "Kai, wannan fa ba ubanka ba ne." Sai ya ce, "Yayan Burul ne. Me zai rage ni?"

A bara ne tsohuwa, uwar Burul da Kanibek, ta ce tana so ta sha iskar tudu kafin ta mutu. Kanibek ya kawo ta a babbar motarsa da adakarta, wadda ba ta rabuwa da ita tun ranar aurenta. Adaka ce ta katakon gyaɗar dutse, an ɗaure ta da ƙarfe, cike da shimfiɗun ulu da tasoshi da azurfar kakanni. Sai ƙarti huɗu suke ɗaga ta. Aka kafa wa tsohuwa bukkar ulu, aka sa adakar a ƙurya, aka jibga barguna a kai kamar yadda ake yi a kowane gida. Ta sha iskarta, ta rasu kafin ciyawa ta bushe. Allah ya jiƙanta, ba ruwanta.

Ranar sauka Kanibek ya hau tudu da motarsa, amma ba don adakar uwarsa ba. Tumaki ya cika ta da su zai kai kasuwa, ya kuma ɗauko abokansa biyu, Dosali da wani mai haƙorin zinare. Ya ce adaka a taragon Esen za ta sauka.

Esen ya ce to. Ya share gaban taragon, nan jikin ƙofa, inda ake tuɓe takalma ake ajiye bokiti. Ƙarti suka ɗauko adakar za su sauke a nan, sai Kanibek ya daka tsawa.

"Kai! A ina za ka ajiye mini uwa?"

"Yaya, nan gaba. Tana da nauyi. Idan ta koma baya..."

"A wajen takalma? Adakar uwata, a inda kake tuɓe ruɓaɓɓun takalmanka? Kabarinta ko bushewa bai yi ba!"

"Yaya, na wanke wurin. Zan shimfiɗa bargo. Har mu sauka ne kawai, da mun isa gida ni da kaina zan mayar da ita ƙurya."

"Kun ji ko?" Kanibek ya juya wajen abokansa. "Abin da ake samu ke nan idan aka ba maraya mata. Bai san ƙofa ba, bai san ƙurya ba."

Mai haƙorin zinare ya ce, "Wallahi a garinmu ko kare ba ya kwana a wurin nan."

Na sa baki. Na ce, "Yaya Kanibek, wannan ba ɗaki ba ne yanzu, kaya ne a kan taya. Sauke tumaki biyar ka sa ta a motarka mana, ni zan koro maka su da goɗiyoyi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma ɗan wane ne a gidan nan? Je ka tatsi goɗiyarka."

Burul tana gefe tana kuka, don an ambaci uwarta. Esen ya dube ta. Na san abin da yake gani: idan ya ƙi, za a ce ya wulaƙanta gawar uwar matarsa, kuma maganar za ta bi Burul duk gidan biki da gidan makoki har ta tsufa. Ya ce da ƙartin, "Ku kai ta ƙurya."

Suka tura ta can ƙarshen taragon, bayan tayoyi. Kanibek ya sa aka jibga bargunan a kanta, kamar yadda suke a bukka, har da matasan kai. Ya tsaya ya kalla ya ce, "Yauwa. Yanzu ka zama mutum."

Esen ya kwaso duk abin da zai iya ya tara a gaba, murhu da tukunya da buhunan cuku. Ya zo ya kama wuyan taragon. Da hannu ɗaya ya taso, har yana neman ɗagawa sama da kansa. Na ga fuskarsa. Ya danna shi a kan dunƙulen, ya zura ƙusa, ya ɗaure waya, ya gitta sarƙoƙinsa.

Na matsa kusa na ce, "Idan kun sha kwana ka tsaya mu jawo ta gaba."

"Da wa? Kana kan doki a baya, shi kuma yana bina da mota yana kallo. Zan bi a hankali, motar tana giya ta ɗaya. Na san hanyar."

Burul ta riga ta shiga jif, Nurzat tana kan cinyarta. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na san Esen. Ya buɗe ƙofar ya ce su fito. Ya riƙo hannun Nurzat ya kai su gaban motar Kanibek, inda abokan nan biyu suka baje.

"Ku sauko. Matata da 'yata ne za su zauna nan."

Kanibek ya ce, "Baƙina ne. Ka haukace ne? Su hau bayan mota da tumaki?"

"Su hau inda suka ga dama. Ko su zo su shiga tawa, akwai wuri."

"Yaro, da ni kake?"

"Da kai nake, Yaya. Adaka ta uwarka ce, ka sa ta inda kake so. Waɗannan nawa ne. Idan ba su shiga nan ba, ba inda zan motsa, mu kwana a tudun nan har ƙanƙara ta rufe mu."

Muryarsa ko tashi ba ta yi ba. Dosali da mai haƙorin zinare suka sauko suna gunaguni. Kuma ku lura da wannan: Esen ya ce akwai wuri a motarsa, kujeru a buɗe, amma ba wanda ya shiga a cikinsu. Mutanen da suka gama koya masa ƙofa da ƙurya, suka kalli taragon, suka kalli gangarar, suka zaɓi kashin tumaki. Ashe sun gane. Tun farko sun gane.

Esen ya sumbaci Nurzat a goshi, ya ce wa Burul ta rufe gilashi saboda iska. Ni kuma ya ce da ni, "Ka kula da jar goɗiyar nan, tana ɗingishi." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ɗingishin goɗiya.

Ban ga faɗuwar ba, ina baya da dabbobi. Burul ce ta gani, ta gilashin motar yayanta. Ta ce ya wuce kwane-kwanen sama lafiya, a hankali kamar mai tafiya a ƙasa. Sai a doguwar gangarar da ke saman kogi wata babbar mota ta taho ta wuce shi da gudu, iskarta ta bugi taragon. Gindin ya kaɗa hagu, ya kaɗa dama, kowane kaɗawa ya fi na baya, har ya ɗage bayan jif ɗin daga ƙasa. Suka tafi tare.

Da na iso, mutane sun sauka ramin. Na tarar an kwantar da Esen a kan ciyawa, Burul ta ɗora kansa a cinyarta. Fuskarsa ba ta ɓaci ba. Na durƙusa na gyara masa hula, na riƙe hannun nan mai tabon walda har ya huce a cikin nawa. Ɗan'uwana, Esen ɗina. Kanibek kuwa yana can bakin ruwa, wando a naɗe, yana tsince cokulan azurfa a cikin duwatsu.

Ranar makoki aka yanka doki kamar yadda al'adarmu take, aka kafa bukka, mata suna ciki suna kukan gawa, maza muna waje a jere. Kanibek ya zauna cikin dattawa da ƙashi a hannu yana bayani. Ya ce ƙaddara ce. Ya ce shi dama ya sha gaya wa yaron nan ya rage gudu. Da ya ga ana gyaɗa kai sai ya ƙara: "Kuma waɗannan sarƙoƙin nasa ne suka ja shi. Da bai ɗaure ba, da taragon ya tafi shi kaɗai. Yawan iyayi ne." Dattawa suka ce haka ne, haka ne, bakinsu duk maiƙo. Ba wanda ya tambaya a kan wa taragon zai faɗa da ya ɓalle a kan titi, da motoci suna tahowa.

Na yunƙura zan tashi, sai muryar Burul ta fito daga cikin bukka. A wurinmu matar mamaci tana rera kukanta da kalmomin da ta ga dama, kuma ba mai ikon katse ta, ko liman. Ta bar yabon mijinta ta kama sunan yayanta. Ta rera yadda aka share gaban tarago, da abin da aka ce game da maraya, da wanda ya ce a kai adaka ƙurya, da waɗanda suka gwammace hawa da tumaki. Ta rera cokulan azurfa. Ba ta bar komai ba, kuma bangon ulu ba ya tare murya. Har dattawan suka daina tauna.

Kanibek ya ajiye ƙashin. Ya ce baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya nufi ƙofar gida shi kaɗai. A bakin ƙofar akwai tebur da aka jera ƙunshin naman da ake ba kowane baƙo ya tafi da shi. Ya tsaya, ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya zaɓi mai nauyi.